Gyaran Agashe a Tebur na Huɗu

Jiya da hantsi muna tsince adas, ƙananan waken nan na miya, a takiyar unguwa, nan inda muke dafa wa mutanen Umdurman abin da ya samu kyauta, sai na ji kuna ƙyalƙyala dariya a kan waya. Wani cikinku ya tono hoton farantin da muke fitarwa a gidan abincin da na yi aiki a Khartum kafin yaƙi: fari fat, faɗinsa ya kai faifai, a tsakiya ɗan yankin kifi da bai fi yatsa biyu ba. Na ji mai cewa, "Ammu Idris, baffanmu, wannan ma har aiki ne? Da ni ne, kifi ɗaya ya ishe ni ciyar da Khartum da Bahri." Wuta tana jirana, sai na wuce. Yau buhun adas bai iso da wuri ba, saboda haka ku zauna ku ji. Kallon kitse kuke yi wa rogo.

Ba a kicin ɗin wancan gidan abincin na fara ba. A bakin kasuwar Umdurman na fara, gefen mahaifina mai agashe, tsiren da kakanninmu suka zo da shi ƙasar nan lokacin da suka taso zuwa Makka a ƙafa, hanya ta zaunar da su. Wuƙarsa ta sha wasawa har ta koma siririya kamar ganyen rake. Shekara biyu ban taɓa ta ba, aikina daka ƙuli-ƙuli da citta da barkono, da fere tsinke, da gyara toka a kewayen wuta. Ranar da ya bar ni na yi yanka, ya ɗaga naman ya duba ta hasken rana, ya ce ya yi kauri, ya jefa mini shi a ƙirji. Amma babban abin da ya dasa mini ba yanka ba ne, gyara ne. Duk wanda ya saya, a ƙara masa yanka ɗaya. Wanda ya yaba, a ƙara masa biyu. In ɗan'uwa ne ko dattijo, a cika masa takarda, in ya ce ya ƙoshi a rantse masa sai ya ci. "Hannun da ba ya gyara ba ya albarka," haka yake cewa. Na yarda da wannan magana kamar yadda na yarda da sunana.

Na haura shekara talatin da biyar lokacin da Usta Makram ya tsaya a teburina. Bakibɗe ne, ɗan Umdurman, dogo, ba ya dariya sai dole. Ya yi shekaru yana girki a ƙasashen waje, ya dawo aka ba shi kicin ɗin wani gidan abinci a bakin Nilu. Ya ci tsinke ɗaya a tsaye, ya ce, "Yajinka tamam, wutarka tamam, hannunka ne ya yi yawa. Ka zo gobe." Na je ina ganin kaina gwani. Wata uku albasa kawai na yanka. Kowane yanka sai ya yi daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba ya zube shi a tukunyar romo ya ce in sake. Ya ba ni ɗan ma'auni wanda gashin kaza ma yana motsa shi, da matsefata irin ta cire ƙaya, da cokula uku masu girma daban-daban. Ni da nake ɗebo yaji da tafin hannu, sai ga ni ina ɗora ganyen na'ana'a ɗaya da matsefata, ina riƙe numfashi. Kunya nake ji ƙwarai. Ban gaya wa mahaifina abin da nake yi ba har ya rasu.

Abin da gidan ya yi suna da shi shi ne abincin ɗanɗano, faranti bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma biyu ko uku. Mu a kicin Sab'a muke ce masa, wato bakwai. Baƙo ba ya zaɓa, zama yake yi a kawo masa abin da Usta ya tsara, kuma abin da yake biya a zama ɗaya ya ishi gida kamar nawa cefanen kwanaki masu yawa. Abincinmu ne na gida aka ƙanƙanta shi: ful, dafaffen waken nan, da man riɗi a kan ɗan ɓallin kisra, siririyar gurasarmu ta dawa, romon adas a finjalin gahawa, kifi, ruwan kuka mai ƙanƙara don wanke baki, sai agashe a na biyar, yanka uku. Bayansa asida, tuwonmu na nan, ƙwaya ɗaya kamar ƙwan zabo da miyar kuɓewa busasshiya, a rufe da dabino da gahawa.

Kifin nan da kuka yi wa dariya, ni nake zuwa Jabal Awliya bayan sallar asuba in tsaya bakin madatsar ruwa ina jiran masunta. Cikin kwando guda da ƙyar in zaɓi biyar. Ido sai ya yi tas, ƙasan kunne ja, in na danna da yatsa naman ya taso. In na dawo in fede, in bi da yatsa ina lalubo ƙaya ina zarewa da matsefata, ɗaya bayan ɗaya. A babban tire na gida in ka ci karo da ƙaya sai ka tofar ka ci gaba. A loma biyu babu inda kuskure zai ɓuya. Gishiri ya ɗan yi yawa, ka ɓata farantin gaba ɗaya, kuma babu na biyu da zai wanke ka. Ga lokaci. Akwai tagar gilashi tsakanin kicin da zauren cin abinci, ta nan muke kallon bakin mutane. Kifi ya sauka da wuri ya huce, ya makara baƙo ya fara duba waya. Tebur goma, kowanne yana kan faranti daban, duk a kanka suke. Ku da ludayi ɗaya da layi ɗaya kuke ruɗewa.

Baƙin ma iri-iri ne. Akwai masu ɗaukar hoto har abinci ya mutu a gabansu. Akwai 'yan kasuwar da suke kawo abokan ciniki don a san sun isa, in sun fita su tsaya wajen mai ful na bakin titi su cika ciki. Wani attajiri daga Gadarif ya kai faranti na biyar, ya kira Usman, babban mai kai abincinmu, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, mun gode da abin taɓawa. To ina abincin?" Ban ga laifinsa ba. Mu mutanen tire ne, a zauna a kewaye, mai gida yana tura maka nama yana haɗa ka da Allah. A idonmu ɗan abinci a babban faranti rowa ce da aka yi wa ado. Shekara tara na yi a gidan, hannuna ya koyi awo, amma can ƙasan zuciyata ban daina ganin haka ba. Wannan shi ya kai ni ga abin da zan gaya muku.

Duk Alhamis bayan magariba Haj Bashir, wani dattijo mai fataucin ƙaro, yakan zo da matarsa Hajja Nafisa su zauna a tebur na huɗu, kusa da taga. Ba sa hoto, ba sa hayaniya. Ita siririya ce ƙwarai, mayafinta kamar an rataya a ƙusa. Duk sanda takardarsu ta shigo, Usta yakan ce, "Na Hajja rabi. Agashe yanka ɗaya." Na tambaye shi dalili sau biyu, ya ce ba ruwana. Abin ya tsaya mini a rai. Kuɗin mutum biyu ake karɓa, tsohuwa ta rame haka, kuma kullum farantinta yana dawowa a suɗe tas, alamar bai ishe ta ba. Na ɗauka Usta ya raina cikin mata ne, ko mijin ne mai maƙo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wata Alhamis Usman ya shigo yana murmushi, ya ce, "Hajjar tebur na huɗu ta ce a gaida mai agashe. Ta ce wannan yajin na mutanensu ne." Na leƙa ta gilashi, ta ɗaga mini hannu. Da za su fita ta tsaya bakin ƙofar kicin, ta ce da Hausa tsantsa, "Sannu da aiki, ɗana. Tun ina yarinya a Mai Wurno, garin mutanenmu na ƙasar nan, rabona da irin wannan." Shekara tara ba wanda ya taɓa yi mini Hausa a gidan nan. Na rusuna na ce, "Allah Ya ƙara lafiya, Inna." Na koma bakin wuta raina fari, kuma ina jin kunyar yanka ɗayan da nake aika mata.

Bayan mako biyu aka yi wa Usta rasuwa a Atbara, ya tafi ya bar mini kicin. Alhamis ta zo, suka zo. Faranti huɗu na farko na bi tsarin Usta, ban ƙara ban rage ba. Da aka zo na biyar na zaɓi naman cinyar rago mafi taushi, na gasa tsinke biyu cur, na zare su a faranti, na barbaɗe da yaji da hannuna ba da cokali ba. Usman ya dubi farantin ya dube ni.

"Ya Idris, Usta bai ce haka ba."

"Usta yana Atbara. Wannan uwata ce. Ka ce mata gyara ne daga ɗanta."

"In ta ce ya yi yawa fa?"

"Ka ce na ce wallahi sai ta cinye."

Ya ɗauka ya fita. Ina tsaye a gilashi ina jiran in ga farin ciki. Na ga Usman ya sunkuya ya faɗi saƙon. Na ga Haj Bashir ya miƙa hannu zai janye farantin, ita kuma ta dafa wuyan hannunsa ta girgiza kai. Ta juyo wajen taga ta yi mini murmushi, ta fara ci. A hankali take ci, tana tsayawa tana haɗiyewa da ƙyar. A yanka na biyar na ga gumi a goshinta, na ce yaji ne. Mijin ya daina cin nasa. Ta ci gaba har saura yanka ɗaya, sannan ta ajiye hannu, ta miƙe tana dafa tebur. Ba ta kai ƙofar bayi ba. A tsakiyar zaure ta durƙushe, duk abin da ta ci ya dawo, a gaban mutane masu turare da wayoyi a hannu. Haj Bashir ya warware rawaninsa ya lulluɓe ta, shi da Usman suka kai ta mota. Asidarsu biyu ta huce a gabana, na rasa hannun da zan kawar da ita.

Usta ya dawo ran Lahadi, Usman ya riga ya gaya masa. Na so ya yi ihu, bai yi ba. Ya kira ni ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, ya ce an yi wa Hajja aiki a Masar, an yanke mafi yawan tumbinta, abin da cikinta yake ɗauka a zama ɗaya bai fi finjali ba. A gida in an ajiye tire, 'ya'ya da 'yan'uwa kowa yana cewa "alek Allah, na haɗa ki da Allah, ƙara loma," kowa yana kallon hannunta, har ta daina zama da su, ta koma kurɓar shayi a ɗaki ita kaɗai. Mijin ne ya gano gidanmu. Nan kaɗai ne ake ba kowa kaɗan, nan kaɗai take cinye farantinta kamar kowa, ba mai tausaya mata, ba mai roƙonta. Abincin Alhamis shi ne na kirki da take ci a mako.

Na ce, "Usta, da ka gaya mini."

Ya ce, "Ciwon baƙo ba na kicin ba ne. Mutumin ya ba ni amana. Na ce maka yanka ɗaya, wannan ya ishi mai sana'a."

"To ka ba ni kwatancen gidansu in je in ba da haƙuri."

"La. Ba a bin baƙo gida. In za su dawo za su dawo."

Bai kore ni ba. Ya cire ni daga jera faranti, ya mayar da ni bakin gawayi. Duk Alhamis yana barin tebur na huɗu ba kowa, ko da mutane suna tsaye suna jiran wuri. Ni kuma in magariba ta yi sai in kasa ɗaga kai in dubi gilashin. Ba aikina nake tsoron rasawa ba. Tsohuwa ce can a wani ɗaki ba ta cin abinci, kuma ni na toshe mata ƙofa ɗaya da ta rage. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun mutuwar mahaifina. Alhamis goma sha ɗaya na ƙirga.

Ana tsakiyar azumi Usta ya zo bakin wuta ya tsaya, ya ce Haj Bashir ya bugo waya. Hajja ta yarda za ta sake gwadawa, Alhamis ta farko bayan Salla. Ya ce, "Kai za ka yi nata, daga na farko har na bakwai. Da hannunka." Daga ranar, in an watse, sai in ɗauko ma'auni in yi ta gwada rabi, in jera in rushe. Ban taɓa son wani aiki kamar yadda na so wannan ba.

Ran wata Asabar cikin goman ƙarshe, ina shirin hawa mota zuwa Khartum, muka ji ƙarar da ba mu taɓa ji ba. Sauran kun sani, kuna nan. Gadar da ke tsakaninmu da Khartum ta rufu, Salla ta zo ta wuce ba wanda ya san ta zo. Gidan abincin an ce an fasa shi, an kwashe har cokula. Wuƙar mahaifina tana ciki, a aljihun teburina, ban sake ganinta ba. Usta ya bi motocin Masar da iyalinsa, ya bugo mini sau ɗaya daga kan iyaka, daga nan shiru. Usman kuwa har yau ban san ko yana raye ba. Ni da nake zaɓar kifi biyar cikin kwando, na koma bin layin gari tun safe har azahar, wani lokaci in dawo hannu rabbana.

Sai bayan wata biyu na haɗu da wani dillalin ƙaro a masallaci, ya kwatanta mini gidan Haj Bashir, can arewacin Umdurman, tafiyar sa'a biyu a ƙafa. Yanzu babu Usta da zai hana ni. Na kwana uku ina tara kaya. Maƙwabcinmu ya yanka akuyarsa don babu abin ba ta, na roƙi ɗan tsoka. Kifi babu sai busasshe, na jiƙa shi na zare ƙaya da farce. Kuka akwai, ƙanƙara babu. Na aro 'yan farantan shayi bakwai na matata, na auna komai da ido, rabi-rabi, agashe yanka ɗaya tak. Na jera a tire na ɗaure da zane, na fita da sassafe. A wani shinge mai bindiga ya ɗaga zanen da bakin bindigarsa, ya ga abin da ke ciki, ya kira abokinsa suka yi ta dariya, suka ce in wuce, mahaukaci ne.

Na samu Haj Bashir zaune a kan gadon igiya a inuwar darbejiya, babu rawani. Ya rame shi ma. Na yi sallama na ce ni ne mai agashe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna mini gefen gado. Kafin in zauna idona ya kai jikin katanga, na ga tudun ƙasa sabo an kewaye shi da tubali. A wannan lokacin hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, mutane a tsakar gida suke binne nasu.

"Kwana goma sha biyu yau," in ji shi. "Magani ya ƙare, asibiti babu."

Na ajiye tiren a ƙasa. Na ce, "Ya Haj, ni ne na yi mata abin da aka yi. Na zo ne in gyara. Ka yafe mini."

Ya ce, "Malesh, yi haƙuri, ɗana. Ba kai ka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare." Sannan ya ce, "Amma ba zan ɓoye maka ba, tun daga ranar ba ta sake cin abinci a gaban mutum ba. Ko ni sai na fita."

Ya kwance zanen, ya dubi 'yan farantan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na biyar.

"Akwai saƙonka wurina," in ji shi. "Da niyyarta ta faɗa maka da bakinta bayan Salla. Ka tuna ta bar yanka ɗaya? Wannan ne ya dame ta, ba aman ba. Washegari tana kwance ta ce mini, yaron nan ya rantse, ni kuma ban cika masa ba, kaffara ta hau kansa, kuma na san bai sani ba. Ta sa aka dafa tukunya, aka kira mabuƙata goma suka ci suka ƙoshi. Ta ce in na gan ka in ce maka kada ka damu, an fitar maka, kuma mahaifinka ya yi tarbiyya."

Na sunkuyar da kai na yi kuka, ni da furfurata, a gidan mutane. Ya bar ni har na gama. Sannan ya jawo buta ya wanke hannu, ya tambaye ni wanne ake fara ci. Na nuna masa. Ya ci uku, ya ce ya ƙoshi. Bakina ya buɗe da kansa zai ce wallahi, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Na rufe shi, na ce, "To, ya Haj," na ɗauke tiren.